Godiya bayan baje kolin zane-zanena a Harlem, birnin New York

Alhamdu lillahi, mun rufe baje kolin lafiya a daren Lahadi. 'Yan'uwana na Bronx da suka cika ɗakin, direbobin tasi, masu kai abinci a keke, da iyayenmu mata masu kitso a titin 125, na gode ƙwarai. Hajiyar da ta aiko mana da kular waina ba tare da an roƙe ta ba, da samarin da suka raba dare suna rataye allunan, Allah ya saka muku da alheri.

Da yawanku kun tambaye ni dalilin da ya sa yawancin zanen ƙafafu ne da takalma. Wannan tasirin marigayi Langston Hughes ne, marubuci baƙar fata ɗan Amurka, kuma shi nake so in yi wa godiya ta musamman, duk da ya bar duniya tun 1967.

An fi saninsa da rubutacciyar waƙa, amma ni barkwancinsa ne ya kama ni. A 1943, a shafinsa na jaridar baƙar fata ta Chicago Defender, ya ƙago wani talaka mai suna Jesse B. Semple, wanda ake ce wa Simple. Haifaffen jihar Bajiniya ne, yana hayar ɗaki a Harlem, kullum suna cikin musu da wani abokinsa ɗan boko kan kuɗin haya, kan aure, kan wariyar launin fata. Sama da shekara 20 mutane suna bin hirarsa. Kana cikin dariya sai ka ji maganar ta soke ka, don kowace raha tasa da ciwon da ke ƙarƙashinta. A ɗaya daga cikin labaran, Simple ya ba da tarihin rayuwarsa ta hanyar ƙafafunsa, irin tsayuwar da suka sha a wurin aiki da layin neman taimako. Daga nan na fara lura da takalman mutanenmu a ƙofar masallaci ranar Juma'a: dunduniyar da ta cinye ta gefe ɗaya, igiyar da aka ƙulla da wata igiyar, farin gishirin hunturu da ya bushe a kan fata.

Tun a 1926 ya rubuta a mujallar The Nation cewa kada mai fasaha baƙar fata ya ji kunyar mutanensa ko ya nemi yardar wasu kafin ya nuna su yadda suke. Wannan magana ita ta ba ni ƙarfin guiwar rataye tsohon silifas na wani dattijonmu a bangon da ya fi kowanne haske. Ya zo da jikokinsa, ya nuna musu, ya ce nasa ne.

Tokar Hughes na binne a ƙarƙashin daɓen Cibiyar Schomburg, ɗakin karatu na tarihi da al'adun baƙar fata, a titin 135, tafiya kaɗan daga inda muka yi taron. Duk wanda ya samu sarari ya shiga ya nemi labaran Simple. Waɗanda suka sayi zane kuma, za a fara kai muku gida daga ranar Asabar, in sha Allahu.