Gadin shanya a gidan Iya

Asabar, makon farko na Oktoba, Ringim.

Gero ya shigo gida, yau ba mai zaman banza. Su Baba sun tafi gona tun da asuba, matan gidan sun wuce gidan suna, ni da na zo hutun ƙarshen mako sai Iya ta cafke ni. "Mai gida, tunda ba ka kawo mini cefane ba, sai ka biya da gadi." Ta miƙo mini kara, ta nuna tabarmin da aka baza gero a kai. Kaji da awaki na kora. Tsuntsaye kuwa na ƙyale su, don abin da za su tsinta bai cika tafin hannu ba, ga shi na daɗe rabona da in zauna in kalle su.

A aji ina yawan gaya wa ɗalibaina kada su dogara da launi kaɗai, don tsuntsu ba ya tsayawa a ƙare masa kallo. Tafiyarsa da yadda yake ci da sha sun fi saurin tona shi. Gwara ce ta fara sauka, da tsalle, ƙafa biyu a haɗe, ta cafki ƙwaya ta waiga, ta sake cafka ta waiga. Kurciya takawa take yi, kai na gaba yana baya, ba ta da gaggawa. A kaskon ruwan kaji ma haka: gwara sai ta ɗebi ruwa ta ɗaga kai sama kafin ya wuce, kurciya kuwa tsoma baki take yi ta zuƙa har ta ƙoshi. Tattabara da hasbiya ma haka suke sha, dangi ɗaya ne.

Kurciyar da ke shigo mana tsakar gida ƙarama ce, jaja-jaja, da ɗige-ɗigen baƙi a ƙirji. Mai baƙin zobe a bayan wuya daban take, ta fi son kan itace da bakin gona. Hasbiya na hango ta ne kawai a kan rufin masallaci, ta fi su girma, da jar fata kewaye da ido. Akwai sheƙar kurciya a kan lemon bayan ɗakin Iya, 'yan tsinkaye ne aka gicciya, har kana hango ƙwai biyu farare ta ƙasa. Iya ta ce duk cikin tsuntsaye ba raguwa irinta. Na ce amma uwa da uba ne ke karɓa-karɓar kwanci, kuma su biyun ke ciyar da 'ya'ya da wani abu mai kauri da ke fitowa daga maƙoshinsu. Ta ce to mijin kurciya ya fi wasu mazan.

Wajen hantsi 'yan tsuntsayen nan da ake kira baiwar Allah suka zo, kuma su suka cinye mini ranar. Tsawon ɗaya bai wuce santimita 10 ba. Namijin ja ne tun daga kai har ƙirji, da siririn zobe rawaya a ido. Macen ruwan ƙasa ce, jan nata ɗan kaɗan ne a gaban ido da gindin wutsiya. Ba sa tsoron mutum ko kaɗan. Suka bi ta gefen ƙafata suna tsintar tsaki, ɗaya har ta shige ɗakin girki ta fito. Iya ba ta yarda yaro ya jefe su ba, haka ta taso ta gani a gidansu. Sheƙarsu na cikin bunun rumfar awaki. Na ga namijin ya ɗauki gashin kaza da ya kusa fin shi tsawo ya kutsa da shi ciki.

Can sai na lura da wani ɗan baƙin tsuntsu a kan wayar lantarki, girmansa kusan ɗaya da nasu, baƙin nasa na sheƙi, bakinsa fari, ƙafafu ja. Ba ya sauka, kuka kawai yake ta yi. Iya ta ce, "Wannan ɗan rakiya ne, inda duk suke yana nan." Gaskiyarta, sai dai rakiyar ba ta Allah da Annabi ba ce. Irinsa ba sa yin sheƙa sam. Macen takan faki ido ta shiga sheƙar baiwar Allah ta saka ƙwanta, fari kamar na masu gida. In an ƙyanƙyashe, zanen da ke cikin bakin ɗan baƙon iri ɗaya ne da na 'ya'yan gida, saboda haka in ya buɗe baki uwar riƙo ba ta bambancewa, ɗura masa take yi. Ba ya kashe 'yan gida, tare suke tashi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kukan. Namijin yana girma da kukan uban riƙonsa a baki, yana cuɗa shi da nasa, ita kuma macen da ta tashi a irin wannan sheƙa mai wannan kukan take bi. Na kasa kunne sosai, na kuwa ji 'yar siririyar muryar baiwar Allah a tsakiyar surutunsa. In lokacin aure ya wuce, baƙin zai zube ya koma ruwan ƙasa mai zane, ka wuce shi ka ce gwara ce.

Iya ta riƙe haɓa. "Ashe ba hankaka kaɗai ke mai da ɗan wani nasa ba." Nan muka ɗan ja. Ita a wurinta hankaka ba ya ƙwai, na wasu yake sata ya kwanta a kai. Ni kuwa na san yana yin nasa, a ƙatuwar sheƙar ƙirare a kan dogon itace ko ƙarfen sabis. Akwai dai wani tsuntsu mai doguwar wutsiya da tukku, mai fararen ɗigo a fiffike, da ke zuba ƙwansa a sheƙar hankaka. Ina ganin mutanen da sun ga hankaka na ciyar da ɗan da bai yi kama da shi ba, sai suka ɗora masa sata, alhali shi aka cuta. Iya ta ce ko ma dai yaya ne, wanda ya sace mata sabulu da 'yan tsaki ba zai sami shaidar kirki a bakinta ba. Ban ƙara ba.

Da azahar tsakar gida ya yi tsit saboda rana. Sau ɗaya kaza ta yi wani kuka, 'yan tsaki suka ɓace ƙarƙashin rumbu kafin ni in ɗaga kai. Shirwa ce, wutsiyarta mai baki biyu tana karkata ta tana juyi. Ta zaga ta tafi.

Bayan la'asar ɗan yayana ya shigo da gudu, danƙo a wuya, wai jan baki sun cika darbejiyar bayan gida. Na bi shi. Marai ne. Namijin kansa baƙi, jiki rawaya, ido ja, yana reto da ƙafa a ƙarƙashin sheƙa, kai ƙasa, yana kaɗa fiffike yana ihu. Shi ke saƙa ta da zaren da yake yagowa daga ganyen dawa da ciyawa, ƙofar tana kallon ƙasa. Mace ta zo ta leƙa. In ba ta yi mata ba, shi da kansa zai warware ya sake sabuwa. Ƙasan itacen duk tarkacen sheƙar da aka ƙi ne. Na nuna wa yaron bambancin: jan baki ya fi ƙanƙanta, jikinsa kamar na gwara, bakin ne ja, kuma shi ba ashirin-ashirin ko talatin-talatin yake zuwa ba. In ya taso daga kacalar fadamar Hadejiya, garken kan rufe sama, gonar shinkafa ko gero ta tashi a wuni guda, har sai an kawo jirgin feshi. Marai ma yana taɓa hatsi, ban wanke shi ba, amma ba shi ne ke sa manomi kwana a gona da gwangwani ba. Danƙon dai na karɓe, sai gobe.

Sheƙar shamuwa da ke kan tsamiyar ƙofar gida ba kowa. Sun kama hanyar kudancin Afirka, can wajen Zambiya da Zimbabuwe, inda damina ke shirin farawa. Sai ruwan farko ya matso mu sake ganinsu.

Da daddare muna cin tuwo na ba Baba labarin wunin. Ya saurara, sannan ya ce, "A cikin duk waɗannan, ka ga ungulu?" Ban gani ba, ko a sama. Ya ce suna yara, a mahauta sai an sa ƙafa an ture su. Na gaya masa tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa irin ungulun garuruwanmu cikin halittun da ke dab da ƙarewa: ana zuba musu guba, ana sayar da kai da ƙafa ga masu tsibbu, manyan itatuwan da suke sheƙa kuma sun tafi gawayi. Baba ya ce shi bai san wata ƙungiya ba, abin da ya sani shi ne bara da jaki ya mutu a bayan gari, karnuka ne suka yi ta ja, wari ya hana mutane bin hanyar kwana da kwanaki. Gobe kafin in kama hanyar Kano zan biya mahauta da sassafe in tambayi Sarkin Fawa rabonsa da ganin ko guda.