Ɓantarewa Biyu a Jikin Akwatin Kifina

Akwatin gilashin da nake kiwon kifin ado a ciki yana falonmu a Fadaman Mada, nan cikin Bauchi. Tsawonsa santimita 90, faɗinsa 35, zurfinsa 40. Idan ya cika yana cin ruwa lita 126, wato jarka biyar irin ta 'yan garuwa. Lita ɗaya ta ruwa kuwa kilo ɗaya ce, kafin a haɗa nauyin tsakuwa da na gilashin kansa. Duk wannan nauyi gilashi mai kaurin milimita 6 ne da zirin silikon, wato gam ɗin da ke haɗa gilasan, ke riƙe da shi dare da rana. Da na yi wannan lissafi tun farko, da ban yi abin da na yi ba.

Sau biyu gilashin ya ɓantare.

Na farko ina wanki ne, dutsen ado ya suɓuce mini ya daki leɓen sama. Wurin ya fita kamar farcen babban yatsa, ga kaifi. Hankalina ya tashi ƙwarai, washegari da sassafe na ɗauki hotonsa na kai wa wani dattijo mai yankan gilashi a wajen kasuwar Wunti. Tambaya ɗaya ya yi mini: "Alhaji, ruwa yana kaiwa wurin?" Na ce a'a, akwai tazarar yatsu biyu. Ya ce to in je in kashe kaifin kawai. Na rage ruwa, na shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma ta ciki don kada garin gilashi ya faɗa wa kifi, na sa safar hannu, na riƙa gogawa a hankali da lallausar samfefa ina jiƙa ta. Shi ke nan. Har yau wurin yana nan, bai ƙaru ba.

Wannan sauƙin da na samu shi ya ruɗe ni a karo na biyu.

Ana gab da Babbar Sallah muka yi fenti. Maimakon in kwashe komai, sai na bar tsakuwa da ruwa kamar kashi ɗaya cikin uku, ni da ƙanena muka cicciɓa. Akwati mai ruwa ba ya ɗaukuwa lafiya: ruwan yana kai-komo, nauyi yana komawa hannu ɗaya, haɗin gilashin yana murɗuwa. A bakin ƙofa kusurwar ƙasa ta goga a jikin ƙarfe. Da na duba, abin da ya fita bai kai ƙwayar wake ba. Na ce a raina wancan da ya fi shi sau biyar ma bai yi komai ba. Na ɗiga masa sufa gulu, na cika ruwa.

Kwana uku bayan nan 'yata ta same ni bayan isha'i, ta ce, "Baba, ƙarƙashin gidan kifi ya jiƙe." Na kashe fitilar falo, na haska tocila daga gefe, ta cikin kaurin gilashin, ba ta gaba ba. Nan na ga wani layi siriri kamar silin gashi ya taso daga ɓantarewar ya nufi sama. Da rana ba za ka taɓa ganinsa ba. Na bi shi da farce, farcen ya maƙale. Wannan ba ɓantarewa ba ce kuma, tsagewa ce.

Ruwa ya fi danna gilashi a ƙasa fiye da sama, gwargwadon zurfi gwargwadon matsi. A leɓen sama babu abin da ke tura gilashi. A kusurwar ƙasa kuwa, inda gilashi uku suka haɗu, nan duk ƙarfin yake taruwa, kuma nan ne silikon yake buƙatar cikakken kaurin gilashi ya kama. Ƙwayar waken nan ta ci rabin wurin kamun. Sufa gulun da na sa ya rufe mini ido ne kawai, bai mayar wa gilashin ƙarfinsa ba.

A daren na rage ruwa zuwa rabi, na sa alama da maka a ƙarshen layin. Da asuba ya wuce alamar. Da yau ne, ba zan tsaya auna shi ba, a daren zan kwashe. Akwai soket a bayan teburin, kuma yara a kan kafet ɗin wurin suke zama.

Kwashe kifin shi ne inda na fi jin jiki, kuma nan na yi asara. Na sayi sabon bahon roba wanda sabulu bai taɓa shiga ba, na zuƙo tsohon ruwansu da tiyo na zuba, na mayar da injin iska, na rufe da gidan sauro saboda tsalle. Soson na'urar tace ruwa na bar shi cikin tsohon ruwan ban wanke ba, domin ƙananan halittun da ke narkar da gubar kashin kifi a jikinsa suke zaune, ruwan famfo mai kilorin yana kashe su. Ruwan da zan ƙara kuwa sai ya kwana a buɗe. Duk wannan na kiyaye. Abin da ban kiyaye ba shi ne abinci. Tausayinsu ya sa na ci gaba da ba su kamar kullum, alhali ruwan bai kai rabin wanda suka saba ba. Rana ta uku ruwa ya yi duhu, babban jan kifin da ya fi shekara biyu a hannuna ya mutu. Ya yi mini ciwo sosai. Daga nan na koma ɗan kaɗan kwana bibbiyu, ina sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kullum, sauran suka tsira.

Dattijon nan bai yarda da faci ba. Ya ce, "Ɗana, gilashin da ya tsage ba ya warkewa." Muka cire ɓangaren da ya tsage gaba ɗaya, ya yanko sabo daidai kaurin wancan, ya goge bakinsa. Aikin da ya fi cin lokaci shi ne kankare tsohon silikon da reza, domin sabo ba ya kama tsoho. Yini guda na yi ina kankara ina gogewa da sifirit har sai da yatsa ya daina jin santsi.

Wajen sayen silikon a yi hattara. Yawancin wanda ke shagunan kayan gini na banɗaki ne da kicin, an haɗa shi da maganin hana fumfuna, wannan maganin kuwa guba ne ga kifi. Sai da na shiga shago huɗu kafin na samu zalla wanda aka rubuta a jikinsa cewa ya dace da akwatin kifi. Idan aka matsa shi warin ruwan khal yake yi. Muka manna sabon gilashin da shi, muka ɗaure da salatef, na bar shi mako guda cur, har warin ya ɓace.

Gwaji a tsakar gida na yi shi, ba a falo ba. Na shimfiɗa farin soso irin na kwalin firiji a wuri mai daidaito, na ɗora tsofaffin jaridu, sannan akwatin. Jarka ɗaya, in jira awa biyu, in duba jarida, in ƙara wata. Ya kwana biyu a cike jarida ba ta jiƙe ba. Ranar da za mu shigar da shi, sai da na kwashe ruwan tas, na naɗe kusurwoyin huɗu da kwali, uwargida ta riƙe ƙofa, sannan muka ɗaga.