Ranar da na daina cewa Linux ba ya kamuwa da bairos

Shekara biyu na yi ina kula da ɗakin kwamfuta na wata makaranta, kuma duk wanda ya zo min da kukan bairos ɗin filas ɗin nan mai mayar da folda shotkot, amsata ɗaya ce, ku dawo Linux, wato wani tsarin tafiyar da kwamfuta kamar Windows, ku huta. Har zuciyata na yarda da maganar, kuma ina da dalili. Linux kamar gidan haya ne, kowa da ɗakinsa da kwaɗonsa, manhajar da ka kunna da ikonka take aiki, inda ƙafarka ba ta kaiwa ita ma ba za ta kai ba, root, wato akawun mai cikakken iko, shi ne kawai mai gida da ke riƙe da makullin kowa.

Toh muna da wata folda da ɗaliban ajin ƙarshe ke ajiye firojet, kullum sai an zo ana Malam ta ƙi ajiyewa, Malam ta hana ni buɗewa, rannan na gaji na buga umarnin chmod 777 a kanta da duk abin da ke ciki, wato kowa ya karanta kowa ya rubuta. Ban ma ɗauke shi wani abu ba wallahi.

Bayan 'yan makonni wani yaro ya sauko da wani abu daga intanet ya kunna a akawun ɗinsa, ba da mugun nufi ba. Abin ya bi duk fayil ɗin da yake da izinin taɓawa ya lalata. Ita kwamfutar lafiya lau ta tashi da safe, ko ƙwarzane babu a tsarin, amma foldar firojet ta tafi. Wata ɗaliba ta tsaya bakin ƙofa da filas a hannu, muryarta na rawa, ta ce Malam babi na huɗu fa can kaɗai yake. Har yau ina jin maganar nan a kunnena.

Sai daga baya na zauna na yi karatu, ashe abin tsoho ne. Gwajin bairos da wani mai binciken kwamfuta, Fred Cohen, ya yi a 1983 a Amurka, a kan Unix ya yi shi, wato tsarin da Linux ya kwaikwaya, bairos ɗin yana tsallakawa daga wannan akawun zuwa wancan ta manhajojin da mutane ke aro a junansu har ya kai ga mai iko duka, cikin ƙasa da awa ɗaya. Tsutsar Morris ta Nuwamba 1988 ma, wata manhaja mai yaɗa kanta ta intanet, injinan Unix ta kama, ta ramin da ke cikin sendmail, manhajar aika imel, da kalmomin sirri masu sauƙin canka. Nan jikina ya yi sanyi sosai, don ni kaina sau nawa nake shiga a matsayin root in kunna abu daga wannan foldar, da abin yaron nan irin mai liƙewa jikin wasu manhajoji ne, da da hannuna zan miƙa masa makullin gidan.

Yanzu kowa foldarsa daban, sudo, wato izinin yin aiki da ikon root, mutum biyu ne kawai ke da shi, ni ma da ƙaramin akawun nake wuni, kuma duk Juma'a ina kwafe komai a wani faifai in zare shi in kulle a durowa. Babi na huɗu kuwa, Allah ya taimaka malaminta na da tsohon kwafi a takarda da gyaran jan biro, kwana uku muka yi ni da ita tana karantowa ina bugawa.