Kumburin ƙwaƙwalwa daga cizon kaska: daga ina ɓarnar take fitowa?

A dazuzzukan tsakiyar Turai da Rasha har zuwa arewacin Sin, akwai wata irin kaska mai ɗauke da ƙwayar bairos da take haddasa kumburin ƙwaƙwalwa. Ƙwayar dangin ta shawara ce da ta dengue, kuma wata tawagar masana ƙarƙashin Lev Zilber ce ta gano ta a gabashin Tarayyar Sobiyet a 1937. Nau'in Turai yakan kashe mutum ɗaya ko biyu cikin ɗari na waɗanda suka kwanta, amma na gabas mai nisa ya fi shi muni nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda cutar take zuwa hawa biyu. Ƙwayar tana cikin yawun kaska, saboda haka takan shiga fata jim kaɗan bayan cizo, kuma ƙwayoyin garkuwar da suke gadin fatar su ne suke ɗaukar ta zuwa kaluluwa, inda take hayayyafa kafin ta bazu cikin jini. Bayan mako ɗaya zuwa biyu sai zazzaɓi da ciwon kai da ciwon jiki su taso, su yi 'yan kwanaki su lafa, har mutum ya ɗauka ya warke. A wasu mutanen, bayan kamar mako guda na sauƙi, ciwon yakan dawo da sanƙarewar wuya, ruɗewa, rawar jiki, wani lokaci har da shanyewar hannu ko kafaɗa.

A wannan hawa na biyu, da wuya a sami ƙwayar a jini ko a ruwan laka. Likitoci sukan tabbatar da cutar ne ta hanyar gwajin sinadaran kariya na IgM da IgG. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da suka kamu sukan fitar da sinadaran kira irin su CXCL10, waɗanda suke jawo fararen ƙwayoyin jini su ƙetare shingen da ya raba jini da ƙwaƙwalwa. Daga cikin masu amsa kiran akwai ƙwayoyin T na CD8, waɗanda aikinsu shi ne kashe duk ƙwayar jiki da bairos ya shiga, ko da jijiyar ƙwaƙwalwa ce wadda ba ta sake tsirowa. Abin ya yi kama da mai gadin da ya cinna wa rumbu wuta domin ya kashe ɓera. An ga waɗannan ƙwayoyi manne da jijiyoyi a ƙwaƙwalwar mutanen da cutar ta kashe, kuma a gwajin ɓeraye, waɗanda ba su da CD8 sun fi daɗewa a raye.

Wani zai ce ai sai a danne garkuwar, amma a ganina wannan gaggawa ce, domin garkuwar nan ita ce take kawar da ƙwayar, kuma magungunan rage kumburi ba su zama ƙa'idar jinya ba. Har yau babu maganin da yake kashe bairos ɗin, shi ya sa Ostiriya ta dogara ga allurar rigakafi tun 1981, wadda take tanadar da sinadaran kariya a jini su tare ƙwayar kafin ta kai ƙwaƙwalwa. Ɗalibanmu da matafiya masu shiga dazuzzukan can daga bazara zuwa kaka su nemi allurar, su kuma guji ɗanyar madarar akuya, domin ita ma tana yaɗa cutar.