Makullin man birki da wejin katako

Motar Land Cruiser 79 ce, mai buɗaɗɗen baya, injin dizal 1HZ, an ɗaura mata winci, injin janyo mota da igiya, a gaba. Mai ita ɗan kasuwa ne da ke kai kaya Gembu, kuma duk wanda ya taɓa hawan Mambilla daga Mayo Selbe da damina ya san halin hanyar. Direbansa ne ya kawo ta garejinmu a Kaduna. Kukansa ɗaya: in ya tsaya a gangara zai janyo wata motar da ta kafe, birkin hannu ba ya riƙewa, sai tasa motar ta riƙa bin igiya tana sulalewa. Dole ya dasa yaron mota a kujera ya danne birki har ƙafarsa ta yi tsami. Ya ce ya ji akwai wani bawul da ake sakawa a bututun birki, ka taka, ka kulle, man ya tsaya a matse ko ka ɗage ƙafa.

Baba, maigidanmu da ya koya mana aiki, ya dube ni ya ce, "Kai ne mai waya, nemo mana."

Iri biyu na samu. Akwai mai aiki da lantarki, maɓalli kawai za ka danna. Akwai kuma na hannu mai ɗan mariƙi. Na lantarkin ya fi araha, ya fi kyan gani, shi na sa aka kawo. Sai da ya iso na karanta takardarsa na ga kada a bar shi a kunne fiye da daƙiƙa 60. Ashe don masu tseren mota a Amurka aka ƙera shi: suna kulle tayoyin gaba, su murza na baya su yi zafi kafin a tashi, aikin ɗan lokaci. Ni kuwa mutumin da zai yi minti 10 ko 15 yana jan mota a cikin taɓo nake wa aiki. Na yi gardama da takarda, na haɗa shi da batir a kan benci. Ba a jima ba ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Ga wata matsalar da ban ma hango ba sai da Baba ya tambaye ni: winci in ya ɗauki nauyi yana zuƙar amfiya ɗaruruwa, wutar batir ta yi ƙasa. To bawul ɗin da wuta ce ke riƙe da shi, me zai yi a daidai wannan lokacin? Araha dai ba ta ado. Har yau yana cikin akwatin kayan aikina.

Muka koma kan na hannu. Shi ma akwai zaɓi, kuma nan ne na fi ƙaruwa. Wani bawul ne kawai mai toshe hanya gaba ɗaya. In gwiwa ko jaka ta ture shi ana cikin tafiya, ka taka birki man ba zai isa taya ba. Wanda muka ɗauka yana barin mai ya wuce zuwa taya ko a kulle yake, dawowa ce kawai yake hanawa. Wani abokin aikina ya ce ai bawul ɗin famfon ruwa ma zai yi, ga shi nan birjik a kasuwa. Matsin da ke cikin bututun birki in an taka da ƙarfi yana haura PSI 1,000, kuma man birki yana cinye irin robar da ba a yi ta dominsa ba. Baba bai ma tanka masa ba.

Wajen ɗaurawa na so in yi wayo. Tun da direba ƙafa huɗu yake so a riƙe, na ce a haɗe layin gaba da na baya da ke fitowa daga masta, famfon da ke tura man birki, su bi ta bawul ɗaya. Baba ya ajiye sifana. "Yaro, me ya sa masta take da baki biyu?" Na san amsar, kunya ce ta hana ni faɗa: an raba su ne don in layi ɗaya ya fashe ɗayan ya tsayar da mota. Muka sa shi a layin gaba kaɗai, inda faifan birki yake, can ne ƙarfin riƙon ya fi yawa.

Sauran aikin haƙuri ne. Zaren da ake murza noti a kai na Toyota na milimita ne, M10, bawul ɗin kuma zaren inci ne da shi, sai da na yi yini biyu ina zagaya Panteka kafin na samu mahaɗin da ya dace. In ka tilasta wanda bai dace ba zai shiga zagaye biyu ya yaudare ka, daga baya ya riƙa tsatsafo. Bututun ƙarfe muka sa mai kaurin milimita 4.75, ba na jan ƙarfen firiji ba, wanda girgiza ke sa ya tsage. Bakin kowanne sai an naɗe shi ninki biyu. Na lalata guda biyar kafin Baba ya duba na shida a hasken rana ya gyaɗa kai. Muka ɗaure bututun da maƙalai nesa da salansa, muka zuba man birki DOT 3, muka fitar da iska tun daga tayar da ta fi nisa da masta. Har bawul ɗin baya mai auna nauyin kaya yana da nasa wurin fitar da iska, kuma da yawa cikinmu mantawa muke yi da shi.

Ranar gwaji na zaga da ita sosai har birki ya ɗau zafi, na tsaya a wata gangara bayan gareji, na taka, na kulle. Ta tsaya cak. Direba ya yi ta murna, yana cewa daga yau ya huta da birkin hannu. Baba ya ɗauko wejin katako ya ajiye kamar taku ɗaya a bayan taya, ya ce mu tafi sallar la'asar. Muka yi sallah, muka sha shayi, muka ɗan taɓa hira. Da muka dawo, taya na jingine da wejin.

Na shiga ƙarƙashi ina neman inda ya yi yoyo, ban ga ko ɗigo ba. Mai ne da ƙarfe suka huce suka tsuke, matsin ya ragu, kuma ba ƙafa a kan feda da za ta ƙara. Da a Mambilla ne, da dare, mota cike da kaya, direba yana barci a ciki... ban ƙarasa tunanin ba.

Washegari muka kwance gangunan birkin baya. Taɓo ya bushe a ciki kamar siminti, wayar birkin hannun ta yi tsatsa ta miƙe. Aikin da ya kamata mu fara da shi ke nan tun ranar da motar ta shigo, ni kuma ɗokin sabon kaya ya ɗauke mini hankali. Muka wanke, muka canja waya, muka saita.

Da direban zai tafi Baba ya leƙa ta taga ya ce masa, "Malam, wannan mariƙin na lokacin da kake tsaye kusa da mota ne, idonka a kanta. In za ka bar wurin, ja birkin hannu, sa giya ɗaya." Sannan ya jefa masa wejin a bayan mota, ya ce kuɗinsa na cikin lissafi.