Yadda muke kwashe waƙoƙi daga faifan CD zuwa rumbun ajiya

Aikinmu shi ne a kawo mana kwali cike da faya-fayan CD, ɗari biyu ko ɗari biyar, mu mayar wa mai su da rumbun ajiya na kwamfuta (hard disk) guda ɗaya wanda duk waƙoƙin ke ciki, kowace da sunanta, da sunan mawaƙinta, da hoton bangon albam ɗin. A ido abu ne mai sauƙi: sa faifai, danna, cire, sa na gaba. Amma aiki ne da ya kamata a yi shi sau ɗaya tak, domin faifan da ya karantu bana ba lalle ne ya karantu nan da shekara biyar ba. Shi ya sa ba ma yi masa gaggawa.

Kuskuren da aka fi yi a gida shi ne ɗaukar faifan waƙa kamar filas. Idan ka sa shi a kwamfuta mai Windows za ka ga Track01.cda, Track02.cda, har ƙasa. Mutum sai ya kwafe su cikin ƙiftawar ido, ya ɗauka ya gama. Duba girmansu: kowanne bait 44 ne kacal. Alama ce kawai mai nuna inda waƙa ta fara da tsawonta, babu sauti ko ɗigo a ciki. Shi sautin a shimfiɗe yake a kan layi ɗaya da ya naɗe daga tsakiyar faifai zuwa bakinsa, kuma sai da manhaja ta musamman ake zaro shi. Tun da Sony da Philips suka fito da faifan a 1982 ma'auninsa bai canja ba: ana ɗibar sauti sau 44,100 a daƙiƙa, kowace ɗiba bit 16, a sautin hagu da na dama. Minti ɗaya yana cin megabait 10 da ɗoriya, albam na awa ɗaya kuwa wajen megabait 635.

Kafin mu kunna komai, sai mun ware faya-fayan gida uku. Akwai na kamfani da inji ya buga, akwai CD-R da aka ƙona a kwamfuta a matsayin faifan waƙa, sai kuma wanda fayilolin MP3 ne aka zuba a ciki. Na ukun kwafa kawai yake bukata. Da CD-R muke farawa, saboda rini ne ke riƙe da bayanansa, kuma zafi da hasken rana suna kashe rinin a hankali.

Wajen gogewa, ƙyalle mai laushi marar zare ya isa, idan akwai maiƙon yatsa a ɗan jiƙa shi da ruwa. A goga daga ramin tsakiya zuwa baki, kada a kuskura a zagaya. Karcen da ya ratsa layin sauti a gicciye, na'ura tana iya cike gurbinsa. Wanda ya bi layin kuwa, ya share dogon zango ke nan. Abin da mutane ba su sani ba shi ne fuskar da ke ɗauke da rubutu ta fi rauni. Kaurin faifai milimita 1.2 ne, kusan dukkansa roba ce a ɓangaren da leza ke karantawa, shi kuma siririn alminiyon da ke maido da haske yana can sama, fenti ɗan kaɗan ne ya rufe shi. Ɗaga faifan ka saita shi da fitila. In ka ga haske yana ratsowa ta ƙananan huji kamar na allura, abin da ke wurin ya tafi, babu gogewar da za ta dawo da shi.

A wajen karantawa ne aikin ƙwarai ke bambanta da na shirme. Na'urar sauraro idan ta ci karo da wurin da ta kasa karantawa, sai ta yi kintace daga sautin da ke gaba da baya, ta wuce, kunne bai ji ba. Manhajar da aka saita a kan gudu ita ma haka take yi, sai dai ita tana rubuta kintacen a cikin fayil ya zauna har abada, wani lokaci ya fito kamar ƙas-ƙas a tsakiyar waƙa. Don haka muke amfani da Exact Audio Copy ko dBpoweramp a Windows, XLD a Mac, a saitin da ke maimaita karanta wurin da ake shakka har sai sakamako ya zo ɗaya. Daga nan manhajar ta fitar da lambar tantancewa ta kowace waƙa, ta gwada ta da ta AccurateRip, wato taskar lambobin da wasu mutane suka samu daga irin wannan faifan a na'urorinsu. In lambarka ta dace da ta mutum goma da ba ku san juna ba, ka san kwafinka daidai yake har bit na ƙarshe.

Kowace na'urar karanta faifai tana da ɗan gocewa wajen inda take fara karatu, kuma sau ɗaya ake auna wannan a saita shi. Idan ba a saita ba, lambobin ba za su dace ba. Muna ajiye na'urori biyu na kamfanoni daban-daban, don sau da yawa faifan da ya gagari ɗaya sai ya wuce sumul a ɗayar. Faifan da babu shi a AccurateRip, kamar wanda aka ƙona a gida, muna karanta shi sau biyu mu gwada lambobin. Lafiyayyen faifai yakan ƙare cikin minti biyar zuwa goma, mai karce kuwa yana iya cin awa guda. Rahoton da manhajar ke fitarwa muna barinsa a foldar albam, ko da akwai waƙar da ba ta fita tsaf ba, don mai kaya ya san gaskiyar abin da ke hannunsa.

Kwafin asali a FLAC muke yinsa, wato wani nau'in fayil na sauti, kuma a kan wannan ba ma sassauci. FLAC yana matse fayil ya koma kusan rabi ko sama da rabi kaɗan ba tare da ya zubar da komai ba. Albam na awa ɗaya yakan tsaya tsakanin megabait 300 da 400, faifai 500 kuwa su tashi wajen gigabait 175, rumbu mai terabait 1 ya ɗauke su da sauran fili. MP3, ko da na 320 ne, wato mafi ingancinsa, yana yar da wani ɓangare na sautin kuma ba ya dawowa. Ba laifi ba ne a saurare shi a mota ko a waya, amma daga FLAC za a fitar da shi a folda dabam. Mai kayan Apple muna yi masa ALAC, wanda shi ma ba ya zubar da komai. Sai dai a sani, CD-R da aka ƙona daga MP3, ko an kwashe shi a FLAC, ingancin MP3 ɗin nan zai ci gaba da bayarwa.

Akwai faya-fayai masu halinsu. Albam na wasan kai-tsaye, inda tafi ke ratsawa daga waƙa zuwa waƙa, yana bukatar manhajar sauraro da ba ta saka giɓi a tsakani. Wasu faya-fayan farkon shekarun 1980 an ƙara musu kaifin sauti da gangan don na'ura ta rage shi wajen kunnawa, in ba a gyara kwafin ba sai ya riƙa sokar kunne.

Sanya sunaye ya fi karantawa cin lokaci. Yawancin faya-fayai ba sa ɗauke da sunan waƙa ko ɗaya. Manhaja tana duba yawan waƙoƙi da tsawon kowace ne, ta nemi mai kama da shi a taskar intanet irin MusicBrainz. Wani lokaci ta ɗauko wani albam dabam, wani lokaci ta dawo hannu rabbana, sai a ɗauki bangon faifai a buga da hannu. Tsarinmu ɗaya ne: foldar mawaƙi, cikinta shekara da sunan albam, sannan lambar waƙa da sunanta. Lambar a rubuta ta 01, 02, domin wasu na'urori suna sa 10 a gaban 2. Faifan da ya tara mawaƙa da yawa, in ba a cike gurbin sunan mai albam a bayanan fayilolin da suna ɗaya ba, zai tarwatse ya zama albam ashirin masu waƙa ɗai-ɗai. Windows ba ya karɓar alamar tambaya, ko tauraro, ko ɗigo biyu a sunan fayil. Haruffa masu ƙugiya irin ɓ, ɗ da ƙ suna zama lafiya a bayanan FLAC, amma tsofaffin rediyon mota sukan mayar da su alamar tambaya, don haka a kwafin mota kaɗai muke sauƙaƙa su.

Rumbu ɗaya ba ajiya ba ne, faɗuwa ɗaya daga kan tebur ta ishe shi. Muna ba da shawarar kwafi uku: wanda ake saurara kullum, na biyu a wani rumbun da ba ya jone da kwamfuta, na uku a wani gini dabam ko a ma'ajiyar intanet. Filas da katin memori na yawo ne, ba a jingina da su shekara da shekaru. Kowane fayil na FLAC yana ɗauke da lambar tantance kansa, saboda haka sau ɗaya a shekara a jona rumbun a sa manhaja ta bi su duka, wanda ya lalace a maye gurbinsa daga ɗaya kwafin. Su kuma faya-fayan muna mayar da su cikin kwansonsu, a jera su a tsaye, a wuri mai sanyi da babu laima kuma rana ba ta kaiwa. Waɗanda suka ba da matsala muna manna musu alama a kan kwanso, ba a jikin faifai ba, ko wata rana a samu na'urar da za ta karanta su.