Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Yaron da Ya Haddace Zabura 23

A makon jiya na tsaya a daidai ranar da aka danƙa mini ajin 'yan shekara huɗu a makarantar nazare ta cocinmu, ni da ban taɓa koyarwa ba sai a Makarantar Lahadi.

Da zafina na shiga aikin. A ganina a lokacin, ma'aunin makarantar Kirista shi ne haddar ayoyi, sai A B C da 1 2 3 su biyo baya. Kullum da safe in jera yaran, in yi ta biya musu, su kuma su amsa da ƙarfi har a jiyo su daga bakin ƙofar makaranta. Iyaye na yabo, kaina na ƙara girma. Akwai wani yaro, ɗan gaban goshina, wanda kafin zangon farko ya ƙare ya haddace Zabura 23, wadda ta fara da "Ubangiji makiyayina ne", ayoyi shida cif, ba ko tuntuɓe. Duk baƙon da ya leƙo ajin, shi nake tsayarwa.

Wata Laraba shugabar makarantar, tsohuwar malama da kowa ke kira Mama, ta shigo ta zauna a baya. Na tsayar da gwanina, ya zuba karatunsa. Ta tafa masa, sannan ta miƙa masa almakashi da takarda mai layi ɗaya a tsakiya, ta ce ya yanka. Ya juya almakashin, ya sa hannu biyu, ya kasa. Ta jera murafen kwalba bakwai ta ce ya ƙirga. Yaron da ke kai ashirin da baki, sai ga yatsansa na tsalle, bakinsa na gudu, ya ce goma ne. Daga nan ta tambaye shi a hankali, "Ɗana, makiyayi me yake yi?" Ya dube ta, ya dube ni. Shiru.

A ofishinta ba ta yi mini faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, "'Yata, buɗe Luka sura 2, aya ta 52." Na karanta inda aka ce Yesu ya yi ta ƙaruwa a hikima da girma, yana samun tagomashi wurin Allah da wurin mutane.

"Abu nawa kika ƙirga?"

"Huɗu, Mama."

"To, ke ɗaya kika kama, shi ma da gefe."

Ta jawo wani tsohon littafinta. Kowane yaro da shafinsa, an raba shafin gida huɗu: hankali, jiki, zama da mutane, sanin Allah. Babu maki a ciki, sai abin da ta gani da idonta da ranar da ta gan shi.

Gidan jiki ya fi ba ni kunya, don ban taɓa ɗaukarsa aikin malami ba. Ashe tsalle da ƙafa ɗaya, cafe ƙwallo, sa maɓallin riga, duk karatu ne. Ta nuna mini cewa yawancin yara kan iya kwafar da'ira a shekara uku, murabba'i wajen huɗu, mai kusurwa uku kuwa sai sun doshi biyar. Ni kuma ina tilasta wa hannun da bai gama da da'ira ba ya cika shafi da haruffa. Ƙananan jijiyoyin yatsu sai sun yi ƙwari kafin fensir ya zauna tsakanin yatsu uku, shi ya sa yaron nan ke dunƙule nasa kamar mai riƙe sanda. Maganin ba bulala ba ne: murza yumɓu ne, da zura duwatsun ado a zare, da yayyaga takarda.

Washegari ta dawo ajina da kofuna. Ta zuba ruwa daidai wa daida a guda biyu, yara suka yarda ɗaya ne. A gabansu ta juye ɗaya cikin dogon kofi siriri. Kusan dukansu suka ce na dogon ya fi yawa. Ta ce wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Jean Piaget, shi ya shahara da wannan gwajin, kuma sai wajen shekara bakwai yawancin yara ke daina faɗawa tarkon. "Wanda ido ke jan hankalinsa haka," in ji ta, "kina tsammanin kalmar alheri ko ceto za ta shige shi don kin maimaita sau hamsin? Sai ya ga abin a jikinki."

Na ɗan yi gardama, ba zan ɓoye ba. Na ce iyaye ba wasa suka kawo 'ya'yansu yi ba. Ta yi dariya ta ce wanda ya raɗa wa irin wannan makaranta suna lambun yara a Jamus a 1840, Friedrich Froebel, ɗan fasto ne, kuma da wasa da waƙa da shuka ya gina ta. Har yau ina ganin ta ɗan wuce gona da iri wajen rage haddar, domin ayar da yaro ya riƙe da ƙuruciya takan zauna masa har tsufa. Amma a kan sauran, ita ce da gaskiya.

Na rage biyawar safe zuwa aya ɗaya gajera a mako. Addu'a ta koma jimla biyu da bakin yaron kansa, ko da a kan kyanwarsa ce. Na fara rubuta wa ya jira layinsa ba kuka, wa ya ce "yi haƙuri" ba a sa shi ba, wa ya iya cewa "na ji haushi" maimakon ya kai cizo. Gwanina ya daɗe a wannan gidan na zama da mutane, don bai saba a ce wani ya riga shi ba.

A zango na uku muka yi wasan ɓatacciyar tunkiya ta Luka sura 15. Na ɓoye wata yarinya marar yawan magana a bayan kabad, na ba gwanina sanda. Ya ƙirga tumakinsa yana dafa kan kowa ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya, ya ce, "Malama, saura ɗaya." Ya zagaye ajin har ya gano ta, ya riƙo hannunta ya kawo ta cikin sauran. Na tuna tambayar Mama, ban ma sake yi masa ita ba.

Ina cikin rubuta wannan a shafinsa aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mahaifinsa ne, fuska a murtuke, riƙe da littafin rubutun yaron da ko rabi bai cika ba. Abin da ya faɗa mini a gaban yara, da yadda maganar ta kai gaban kwamitin coci, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.